Dada da Ƙadangarun Buji

Duk Buji an san gidanmu da abu biyu: man shanun mahaifiyata Dada, da gabar da ke tsakaninta da ƙadangaru. Ƙadangaren bakin tulu da mutane ke rasa yadda za su yi da shi, Dada ba ta taɓa tsayawa shawara ba, tana haɗawa da tulun. Takalmi, muciya, ludayi, duk abin da hannunta ya kai shi ne makami. Ga ta da barkwanci, sai ta sa mutum ya riƙe ciki, amma ita in dariya ta zo mata sai ta ja bakin mayafi ta toshe baki. Mun tashi muna zaton kunyar Fulani ce.

Ashe tun tana yarinya a ruga, da ta yi famfara, haƙori ɗaya na sama ya ƙi fitowa. Manya suka ce ƙadangare ne ya ga giɓinta, ai an hana ta wangale baki a tsakar rana. Ta girma da giɓin, ga haɓa da ta ɗan karkace gefe.

Sai ga 'yata Ikilima, sarkin surutu. Fiƙarta ta sama ta faɗi, Dada da kanta ta jefa haƙorin kan rufin ɗaki, ta kafa mata doka ta rufe baki. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, giɓi na nan daram. Ranar da Dada ta ga yarinyar ta fara dariya da tafin hannu a baki, ta ƙi cin tuwo.

"Yahuza, ba za a yi biyu ba," ta ce da ni. "Ko ni ko su."

Yaƙi ya koma sabo. Har akuyar maƙwabta ta sha muciya bisa kuskure. Da na ga tulunan gidan na neman ƙarewa, na kwashe su biyun zuwa Dutse wurin likitar haƙori, Dakta Safina. Dada ta shiga tana bayani tun daga ƙofa.

"Yarinya, jan gwada ne. Na san shi, mai guntuwar jela."

Likita ta danne dariya, ta sa aka ɗauki hoton bakin Ikilima. Ta nuna mana haƙorin nan ƙato, kwance a karkace cikin ƙashi kamar wanda ya samu katifa. Ta ce muƙamuƙin sama ne ya yi ƙunci, haƙorin ya rasa hanyar fita. Shi ya sa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, yarinyar na tauna da gefe guda, haɓar kuma ta soma bin gefen. Tunda tana cikin girma, za a sa ƙarfe a buɗa muƙamuƙin a hankali, sannan a jawo haƙorin da waya.

"Abin kan bi jini," ta ce, tana kallon haɓar Dada. "Baba, ko za ki buɗe in gani?"

Da ƙyar mayafi ya sauka. Aka ɗauki hoto. Ga nata haƙorin, lafiyarsa ƙalau, yana barci tun zamanin ruga.

"Kina nufin yana nan? Duk shekarun nan ina ɗauke da shi?"

"Yana nan, Baba. Naki a bar shi ya huta. Nata ne za mu taso."

Muka kamo hanyar Buji. Muna shiga gida Dada ta ɗebo tsaki ta watsa gindin katanga, kaji da ƙadangaru suka yi caa. Wai sulhu ne.

An ɗauki lokaci ana zaryar Dutse, Ikilima na kukan waya ta hana ta rake. Wata safiya ta kwaso da gudu tana ihu, ta wangale baki a gaban Dada, farin kan haƙori ya huda dasashi. A kan katanga jan gwada na ta gyaɗa kai.

"Juya ya gani da kyau!" Dada ta ce.

Sai ta fashe da dariya har da buga cinya, mayafi ya zame ƙasa ba ta ɗauka ba. Na haura arba'in a duniya, ranar na fara ganin dariyar mahaifiyata, sai da na yi hawaye.