Igiyar da na ɗauka zuwa kan dutse

A garinmu, gabas da Magarya, dutse ɗaya ne tak, sauran duk rairayi da gonakin gero. Zamanin Nasara, in lokacin ɗiban soja ya zo, a cikin kogon samansa muke ɓoye samari. A shekarar da nake magana, ƙanena ne a ciki, shi kaɗai. Ni nake kai masa fura.

Wata rana da hantsi wani Bature ya sauka da gardi biyu, wato 'yan sandan Nasara, da tafinta. Ba Kumandan mai mulkin yankinmu ba ne, baƙonsa ne. Tafinta ya ce ba haraji ya kawo shi ba, ba soja ba. Hawan duwatsu kawai yake so, yana hanyar Dungas ya hango namu.

Maigari ya ce, "Gaya masa dutsen na iskoki ne."

Bature ya yi dariya, ya ce to su ma zai gaishe su.

Sai dattawa suka yi abin da suka saba yi wa baƙon da suke so ya wuce. Aka kawo ƙwai da nono. Ya ƙi fasawa, aka ƙara kaji. Da aka jawo rago, babban gardin ya daina tauna goro, ya dubi dutsen.

"Baba Maigari, rago guda saboda iska? Iskar nan tana shan fura?"

Sai gardin ya nuna ni, don na fi kowa tsawo a wurin, ya ɗora mini igiyar hawan dutsen Baturen a kafaɗa.

Na bi da su ta gefen yamma, inda dutsen yake da santsi, ko za su gaji su koma. Ashe abin da Baturen yake nema ke nan. Ya cire takalmi, yana laluben tsaga da yatsu kamar ƙadangare, yana murna. Na yi tari. Na ɗaga murya ina kiran sunan jakinmu, ko ƙanena zai ji. Ya ji kuwa, amma ina za shi? Kogon baki ɗaya gare shi.

Bature ya wuce bakin kogon bai ko leƙa ba, ya hau ƙololuwa yana kallon gonaki. Babban gardin ne ya tsaya. Ya ga ƙwaryar furar da na kai jiya, ƙudaje na binta.

"Fito, ɗan samari, iskoki sun sallame ka."

Da Bature ya sauko ya ga abin da ake ciki, ya yi magana mai tsawo, fuskarsa ta yi ja. Tafinta ya ce mini, "Yana cewa bai sani ba." Gardin ya ce wannan aikin Kumandan ne, ba na baƙo ba. Bature ya kau da kai.

Gardin ya miƙo hannu, na ba shi igiyar. Da ita aka ɗaure ƙanena a kugu.

A gindin dutse innarmu tana tsaye. Ƙanena ya ce mini, "Yaya, ƙwaryar Inna tana can sama, kar ka bar ta."

Washegari na hau na ɗauko ta. Shi bai dawo ba.