Rumbun Yayana

Yanzu masu rigakafi 'yan matan unguwa ne, kowa ya san iyayensu, har ruwa ake ba su. A shekarun fari, da soja ke mulki, a bayan kamyo, babbar motar kaya, suke shigowa Matameye, da jandarma a gaba. Ban ga irin wannan wauta a Akara ba, ban gan ta a Khartum ba: ka kawo wa mutum magani da dorina a hannu.

Mu ma ba mu fi su hankali ba. Yayana, wanda bai taɓa wuce Kano ba, can ya ji a tasha cewa allurar tana kashe haihuwa, kuma ƙidayar yara ce don haraji. Ya dawo da labarin ya zama malamin dandali.

Na ce, "Yaya, a Ikko mata layi suke yi tun asuba."

Ya ce, "To, Bature, ka tafi Ikko ka haifi naka. Nawa ba na gwamnati ba ne."

Aka yi dariya har da tafi.

Fari ya bar mana rumbu ba ko ƙwayar gero. Ranar da kamyon ya zo, Yaya ya kafa tsani ya zura 'ya'yansa ciki. Maƙwabta suka ga dabara, suka kawo nasu, har da wani yaro mai zazzaɓi da jajayen idanu. Aka rufe da jinka. Jandarma ya leƙa ɗakuna, bai ga yaro ba, ya karɓi goro ya wuce. Da yamma aka fito da su jage-jage da gumi, maza suna miƙa wa Yaya hannu kamar ya ci yaƙi.

Ƙyanda ce a jikin yaron nan. Ba a jima ba ta kwantar da duk wanda ya wuni a rumbun. Autar Yaya a lokacin, yarinyar da yunwa ta riga ta tsotse, idanunta suka manne da kwantsa. Uwarta ta roƙi a kai ta gidan likita. Yaya ya ce in an kai ta za a tambaye shi inda ya ɓoye ta. Aka tsaya shafa mata zuma da turare. Da na ɗauke ta a keke na kai ta da ƙarfi, malamin likita ya buɗa idon, ya dube ni, ya ce da Faransanci mun makara.

Ta rayu, amma ba ta ƙara gani ba. Uwarta kuwa, duk ɗan da ta haifa bayan haka, goya shi take ta kai a yi masa allura, ba ta kuma neman izinin Yaya ba har ya rasu.