Rabin Askin Yayana

Yayana mai aski ne, kuma tun muna yara ba ya yarda a nuna masa kuskure. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, sai bencin masu jiran layi. Amma in ya gyara wa mutum gemu, har matarsa sai ta sake kallonsa.

Bara mota ta buge shi a kan babur, kansa ya daki kwalta. Ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo ya fara takawa, shi ke nan, wai ya warke. "Garau nake," in ji shi, alhali ina kallo zai cinye abincin da ke gefen dama na faranti, ya bar na hagu, ya ce mun yi masa rowa.

Ni na raka shi asibiti gwajin ƙwaƙwalwa. Likitar ta ba shi takarda, ta ce ya zana agogo. Ya zana da'ira tsaf, sannan ya cusa lambobin duka a ɓangaren dama. Ta ce a hankali, "Malam, ƙwaƙwalwarka ba ta lura da abin da ke hagunka tukuna. Ka ɗan dakata da aiki."

"Ni za a mayar ɗan firamare?" Ya ture biron. "Aski nake yi ko gyaran agogo?"

Washegari ya buɗe shago. Na yi masifa har muryata ta dushe, ya ce in je in ji da gidana. Abin haushi kuma, mutanensa suka dawo! Kullum sai ya yi mini gori: "To, ƙaramar likita, ina ciwon?"

Rannan na kai masa abinci, na tarar ya gama yi wa wani tsohon direba aski, abokinsa na shekara da shekaru. Direban ya ce madalla, ya kifa hula ya fita, ya manta wayarsa a benci. Yaya ya ɗauka ya bi shi, ni ma na bi bayansu.

A shagon askin da ke ƙarshen layi muka same shi, zaune a kujera, hula a gwiwa. Gefen kansa ɗaya fes, ɗayan gashi cunkus. Mai shagon yana ta ƙarasawa ko tambaya babu, da gani ya saba.

"Tun yaushe?" in ji Yaya.

Direban ya sunkuyar da kai. "Dukanmu haka muke yi. Ba ma so ranka ya ɓaci ne."

Wallahi ban taɓa ganin kunya irin wadda ta rufe yayana ba. Ni da na ci gardama ma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya miƙa wa direban wayarsa, ya koma ya kulle shagonsa da rana tsaka.

Muna tafiya gida ya ce, murya can ƙasa, "Dawo ta damana in riƙa ganinki. Yaushe likitar nan ta ce mu koma?"