Ɓarin Goro da Goɗiyar Madam

Shekara bakwai na yi ina kwashe kashin dawaki a wata gona da ke bayan Lyon, kuma ba na jin kunyar faɗa. Cikin duk ayyukan da na taɓa a Faransa, shi kaɗai ne na zo da iyawarsa daga gida.

Daga Maradi na fito. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwa ne a Aubervilliers, gefen Paris, yana sayen kaya a manyan sito-siton can yana aikawa gida. Na yi shekara biyu a ƙarƙashinsa ina dakon kwalaye, har gadon bayana ya fara kai ƙara. Wata rana wani direba ya ce akwai wata mata kusa da Lyon mai neman wanda zai kula mata da barga, ma'aikata uku sun gudu don aikin ba Asabar ba Lahadi. Na ce a kai ni. A gidan kakana na tashi, shi kuwa mutum ne da zai kwana da yunwa dokinsa ya kwana da ƙoshi. Tun kafin in iya ɗaure wando na iya sa wa doki ragama.

Matar, wadda har na bar wurin Madam nake ce mata, ta tasam ma sittin, siririya, busasshiya, ba ta sakin fuska sai ga doki. Ranar da na iso ba ta tambaye ni komai ba. Ragama ta miƙo mini, ta nuna mini wani ingarma mai cizo. Da ta ga na fito da shi yana bina kamar tunkiya, ta ce in kai jakata ɗakin da ke saman barga. Ita ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka ba ni takardar zama ta ma'aikaci, irin wadda ake sabuntawa duk shekara. Kowace shekara takan rubuta wasiƙa cewa ina nan ina aiki wurinta, in haɗa da sauran takardu in kai. In babu wasiƙar nan, babu ni a ƙasar.

Dawakin da take kiwo ba na tsere ba ne. Na wani wasa ne da suke kira dressage. Farkon ganina sai da na ɓoye bayan mota na yi dariya. A share fili a zuba yashi, mutum ya sa farin wando da baƙar kwat, ya hau doki mai tsadar gida guda, ba don ya yi sukuwa ba, sai don dokin ya yi taku ɗai-ɗai, ya karkata, ya tsaya cak, ya yi sassarfa kamar mai tsoron taka ƙwai. Alƙalai na zaune cikin 'yan akurki suna rubuta maki. 'Yan kallo kuwa tsit, ka ce zaman makoki ake. Sai da na daɗe kafin na gane wuyar abin: doki ya yi duk wannan ba tare da an ga hannun mahayi ya motsa ba. Daga nan na daina dariya.

Masu wasan suna da ƙungiya ta yankin, kuma Madam na cikin waɗanda suka kafa ta. Shekara talatin tana ciki. Duk bazara a gonarta ake taron ƙananan dawaki, masu kiwo su kawo 'yan shekara uku da huɗu alƙalai su duba tafiyarsu. Ita ke jera kujeru, ita ke dafa miya, ita ke yi wa kowa faɗa. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Sunanta a ƙungiyar nan shi ne duk abin da ta tara.

A shekarata ta biyu aka haifi goɗiyar da nake son ba da labarinta. Da hantsi uwar ta fara naƙuda, Madam ta tafi kasuwa, ni na ja ƙafafun da hannuna. Baƙa ce wuluk, da ɗan fari a goshi, ga tsoro kamar barewa. Ko leda ta gifta sai ta zabura. Ni kaɗai take yarda in taɓa mata kunne.

Ni kuwa maciyin goro ne. Kawu kan aiko mini daga Paris, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Tun tana 'yar duƙusa take cusa hanci a aljihun rigata, wata rana na gutsura mata. Ta tauna, ta yamutsa fuska, ta dawo neman ƙari. Ban ga komai a ciki ba. Kakana in zai yi doguwar tafiya yakan ɓare goro, ya ci ɓari ya ba dokinsa ɓari, yana cewa abokin tafiya ba a ci a hana shi. Haka na gada, haka na yi ta yi jefi-jefi, ban taɓa tunanin abin faɗa ba ne balle na ɓoyewa.

Da ta kai shekara biyar, Madam ta hau ta da kanta a babbar gasar ƙananan dawaki ta yankin. Muna sauke ta daga mota ta hau karkarwa, gumi ya jiƙe mata wuya. Madam ta tafi karɓo lamba. Na rungume kan goɗiyar ina yi mata magana da Hausa, na ciro wani farin goro ƙato, na ɓare. Na ba ta ɓari, da na ga har yanzu tana rawar jiki, na ba ta nawa ma. Ta lafa. Ta shiga filin nan ta yi abin da ban taɓa gani ba, har wani tsohon alƙali ya cire gilashinsa. Ita ta zo ta ɗaya. Bayan nan likitan gasa ya zo ya ɗebi jini da fitsari, kamar yadda akan yi wani lokaci. Ni na riƙe masa ragama, ina ta washe baki.

Bayan sati shida wasiƙa ta zo. Na tarar da Madam a tsaye bakin barga da takarda a hannu, fuskarta fari fat. Ta ce an sami sinadarin da ke cikin kafe, wato gahawa, a jikin goɗiyar, kuma haramun ne a gasa don yana ƙara wa doki kuzari. An soke nasarar. Za a kira ta gaban kwamiti ta yi bayani.

Wallahi a lokacin ban kawo goro a raina ba. Kafe aka ce, ni kuwa ban taɓa ba doki kafe ba. Na taya ta bincike da zuciya ɗaya. Muka zazzage buhunan abinci, ta aika samfur a gwada, ta ɗauki injin dafa kafe da ke ɗakin sirdi ta jefa a shara. Sai ranar da likitanmu na gona ya zo. Ina riƙe da goɗiyar, shi da Madam suna magana a gefena. Ya ce nasara dai ta tafi, amma in aka gano inda abin ya fito, aka nuna kuskure ne, sunanta zai fita. In ba a gano ba, za a ɗauka da gangan ta yi. Sai ya shiga ƙirga da yatsu abubuwan da ke ɗauke da sinadarin: kafe, shayi, cakulan, goro.

Da guntun goro a kumatuna ya faɗi haka. Na haɗiye shi bai gama taunuwa ba, ya tsaya mini a maƙogwaro. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ranar na gane sani ma yana da nasa duhun. Saura wata biyu takardata ta ƙare. Ga shi na fara haɗa takardun kawo matata, wadda ta shekara biyar tana jira a Maradi, kuma duk suna rataye a kan wannan takarda.

Ran Lahadi na ce wa Madam kawuna ba shi da lafiya, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Na same shi a ɗakinsa bayan azahar, garau, yana shan shayi. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na gama faɗa masa, ya ajiye kofin.

“Wa ya gane ka kana ba ta?”

“Ba kowa, Kawu.”

“To, mi kake nema wurina? Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Yi shiru.”

“Kawu, sunanta za shi ɓaci.”

“Sunanta! Ita in sunanta ya ɓaci, gidanta na nan, ƙasarta na nan. Kai fa? Ka manta layin neman takarda a Bobigny, yadda munka tsaya cikin ruwa? Ka faɗa, ta kore ka, shi ke nan, terminé. Ɗiyar mutane kuma ta yi ta jira har ta tsufa. Ɗana, bari ta sa hannu a wasiƙarka tukuna. In ta sa, ka je ka yi waliyyancinka.”

Ba zan ɗora wa Kawu ba. Abin da na je nema ke nan, ya kuwa ba ni. Da zan tafi ya miƙo mini ƙullin goro kamar kullum, na karɓa don kada ya ji wani iri, na jefa shi a kwandon shara a tasha.

Sati biyar na yi da abin a ciki. Ban taɓa shiga ƙunci irin wannan ba. Abinci ba ya wucewa. In na yi sallah sai in rasa abin da zan roƙa, don na san abin da ake so in yi. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinta, in ɗaga hannu, in tuna matata, in juya in ɗauki tsintsiya. Ina gani wayar gidan ta daina ƙara. Ina gani mutanen da suka sha miyarta shekara da shekaru suna gaishe ta daga nesa. Aka aiko mata cewa taron bazara mai zuwa a wata gona za a yi, wai har ƙura ta lafa. Ta karanta, ta ninke, ta ce mini in duba kofaton ingarma. Abin da ya fi ci mini rai, ko sau ɗaya ba ta dube ni da zargi ba. Ta zargi mai sayar da abinci, ta zargi wata abokiyar hamayyarta, ta zargi kanta. Ni kuwa sai ta ce, “Kai ma ka rame. Kada ka sa abin a ranka.”

Ta je gaban kwamiti ran wata Alhamis, ba ta da abin faɗa sai ban sani ba. Suka dakatar da ita. Da ta dawo ta rubuta takardar ajiye muƙaminta a ƙungiyar, ta ce ba za ta zauna teburi ɗaya da masu yi mata kallon mai maguɗi ba. Ta ce goɗiyar ma sayar da ita za ta yi, don duk inda ta shiga da ita za a nuna su da baki.

Washegari ta kira ni ofis, ta jawo aljihun tebur, ta miƙo mini ambulan. Wasiƙata ce, da sa hannunta. Na riƙe ta. Abin da na sayar da mutuncina a kansa ke nan, takarda guda, layi shida. Na sa ta a aljihu, na tabbatar ta shiga, sannan na ce, “Madam, ni ne.”

Na faɗa mata duka, da kakana, da ɓarin goro, da ranar gasa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaye ni abu ɗaya.

“Tun yaushe ka sani?”

Na so in yi ƙarya, na ga ƙaryar ta ishe ni haka. Na ce tun ranar da likita ya zo.

Ta nuna aljihuna. Sannan ta ce, “Ciro wasiƙar. Dubi kwanan watan.”

Na duba. Ta rubuta ta ne tun satin da muka dawo daga gasa, kafin sakamako, kafin likita, kafin komai.

“Duk shekara da wuri nake rubutawa don kada in manta,” in ji ta. “Goron kuskure ne, kowa na yin kuskure da doki. Da ka faɗa, da na zage ka tas, in ɗauke ka mu je gaban kwamiti tare, in dawo in ba ka takardarka. Shekara bakwai, ba ka san wannan ba?”

Ban sani ba. Ko kuwa na sani, tsoro ya hana ni yarda.

Ba ta karɓe wasiƙar ba, ba ta kuma kore ni ba. Na roƙe ta mu rubuta wa kwamiti, muka rubuta, na sa hannu. Wata amsa ta zo daga baya, amma Madam ba ta koma ƙungiyar ba, taron bazara bai dawo gonar ba. Aka sabunta mini takarda. Matata ta iso bayan shekara ɗaya da rabi, lokacin na riga na koma Aubervilliers ina dakon kwalaye, don na kasa jure yadda Madam ke ce mini “don Allah” da “na gode” kamar baƙo. A da faɗa take yi mini.

Goɗiyar kuwa wani mai kiwo daga arewa ya saye ta tun kafin in bar gonar. Ranar da motarsa ta zo ta ƙi hawa. Mutum uku suka yi ta fama, tana tirjiya tana ja da baya. Madam na tsaye nesa, hannu a aljihu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ku ba shi ragamar.”

Na karɓa, na yi mata magana da Hausa, ta biyo ni har ciki. Ina ɗaure ta, ta sunkuyo ta cusa hanci a aljihun rigata tana shinshina. Babu komai a ciki. Ta yi ta nema har aka ce in sauko za a rufe ƙofa.