Gishirin Lauratu

A Garwa, zamanin Jamus, an yi wata mata Ƙaltume, matar Brahim mahauci. Ƙosai take soyawa a bakin kasuwa, amma ba shi ya sa aka san ta ba. Ita ce uwar adashin mata goma sha biyu, shekara tara tana riƙe da shi. Da kuɗin wuri suka fara zubi, da Jamusawa suka kawo kuɗinsu na ƙarfe suka koma kansa. Dokarta guda ce, kowacce ta haddace: ba a taɓa kwasar mutum, yadda aka zuba haka za a miƙa wa mai ita.

To, sai ga yaƙi. Sojan Ingila da na Faransa suka kewaye gari, igwa tana tashi har man suya na rawa a kasko. Juma'ar da kwasa ta faɗo kan Lauratu, mai marayu uku, tana ƙetaren kogin Binuwai wajen jinyar uwarta, hanya kuma ta rufe. Ƙaltume ta ƙulle kuɗin a tsumma ta ajiye.

Washegari ta je sayen gishiri wurin Malum Babarbare. Ya jujjuya kuɗinta a tafin hannu.

"Yau zan karɓa, Gwaggo, don ke ce. Jibi in Jamus ta faɗi, ko kwando kika ciko, ba yara su yi wasa da shi."

Ta koma gida ta zauna da ƙullin Lauratu a cinya. In ta bar shi, ta cika doka, marayu su karɓi mataccen ƙarfe. In ta kashe, Jamus kuma ta ci yaƙi, sunanta maciyar amana har kabari. Kafin la'asar jaki ya sauke kantu biyar na gishiri a ƙofarta.

Mairamu, 'yar adashin, ta leƙo ta katanga.

"Gwaggo, da kuɗin wa?"

"Na Lauratu."

"Innalillahi! Ke da bakinki kika kafa dokar nan!"

Juma'ar da ta biyo, ko mace ɗaya ba ta kawo zubi ba. Ga damina ta kama, jinka na yoyo. Ƙaltume ta ɗora gishirin a gadonta ta lulluɓe da tabarma, ita ta koma kwanan ƙasa.

Jamusawa suka miƙa wuya, hanya ta buɗe. Lauratu ta shigo ba ɗankwali, Mairamu na biye da ita.

"Gwaggo, an ce kin taɓa kwasata."

"Na taɓa."

Ƙaltume ta yaye tabarma. Lauratu ta matso kusa. Ta kankari kantu ɗaya da farce ta lasa. Sai ta kwance bakin zaninta, kuɗin Jamus suka zube ƙasa.

"Mai kwalekwale ma ƙin su ya yi, da ɗankwalina na biya shi. Mairamu, ke da kike ta baki, naki kuɗin fa?"

Mairamu ta sunkuyar da kai.

"Na yafe, Gwaggo," in ji Lauratu. "Amma nan gaba in za ki taɓa, ki tara mu tukuna."

Haka dokar ta koma. Lauratu ta kasa gishirinta a kasuwa ta ciyar da marayunta har kaka, Ƙaltume kuwa ta ƙara shekara sha ɗaya tana uwar adashi.