Mai Zarto na Bakin Tafki

Tun Nasara bai shigo ƙasarmu ba, lokacin da hari ke cin ƙauyuka tsakanin Maraɗi da Katsina, aka kashe ubana a gonarsa ta ƙauyen Gabi. Na taso a Madarumfa wajen gwaggona, da ƙafa ɗaya shanyayya. A zamanin nan sana'a gado ce. Maƙeri ɗansa yake koya wa, majemi ma haka. Yaron da ba shi da uba, ko zugazugi ba a bari ya taɓa. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ana nan sai ga wani dattijo ya sauka a bakin tafki da dogon zarto a kafaɗa. Ɗan garin ne, an kama shi yana ƙarami aka sayar da shi kudu, har Lakwaja. A can masu bin Almasihu suka fanshe shi, suka koya masa fasa itace ya zama katako, ya shiga addininsu. Ya dawo neman dangi, bai tarar da ko ɗaya ba.

Ya gan ni ina jan ƙafa, ya ce, "Kai, hannun naka ma ya shanye?"

Na harare shi na ce a'a.

"To taho ka kama min wutsiyar zarton ga."

Haka na shiga. Daga baya wani bebe ɗan ƙauyen Safo ya zo, sai ɗan wata baiwa da aka 'yanta. Mutanen gari suka sa mana suna tarkacen mai zarto, amma ƙyauren da muke yi suke saye. Wata rana na tambaye shi abin da yake samu da mu. Ya ce, "Wanda nika bi masassaƙi ne, kuma guragu da makahi yaka nema. Ni ma hakanan anka tsince ni." Bai taɓa ce mini in bar salla ba, shi ne ma mai kora ta in na yi nawa. Ran Lahadi yakan ajiye aiki ya zauna gindin gawo yana motsa baki, mu kuwa mu tafi kamun kifi da murna.

Da ya fara tari, sai ya ware katakon maɗaci mafi kyau, ya kwanta a kai ya ce in gwada tsawonsa. Muka fashe da dariya. Ya sa muka haɗa wani dogon akwati, yana gyara mana har murfin ya zauna ba kafa.

"Can inda na zamna, ciki nai aka sa mamaci, sannan a yi mai addu'a," in ji shi. "Akwati kun iya. Addu'ar ce ban san wa za shi yi min ba."

Na ce ya koya mini.

"In anka ji ta bakinka, gwaggonka ta kore ka, a bar sayen ƙyaurenka. Bari sai hannunka ya yi ƙwari."

Damina na faɗuwa ya rasu. Na je wajen liman, ya ce ba zai sallaci wanda ba ya salla ba, amma ya ba ni ƙyallen likkafani. Na je wajen dattijon arna, ya ce ba nasu ba ne, amma mu haƙa kabari a gefen gonarsa ta kusa da tafki. Muka ɗauke shi mu uku, mata na leƙowa suna cewa mun haukace, za mu ba gara katako mai kyau.

Muka saka shi, muka tsaya. Su biyun suna kallona, don ni ne mai baki. Ni kuwa ban iya addu'ar ba. Na ji haushinsa ƙwarai, ya koya mini komai ban da abin da shi yake bukata. Bebe ne ya yi ta wani irin gunji har muka gama mayar da ƙasa.

Da zarton nan na ci da iyalina, kuma ban taɓa korar maraya daga rumfata ba. Sai da na yi furfura masu addininsa suka iso ƙasar Maraɗi. Na ja ƙafata na je, na roƙi wani ya koya mini addu'ar da suke yi wa mamaci. Ashe gajeruwa ce, kafin a fasa katako ɗaya an gama ta.

Na dawo da ita a bakina zuwa gefen gonar. Tafki ya daɗe da cinye wurin. Na tsaya cikin ruwa har gwiwa na karanta ta, ban san ko kusa da shi nake ba.