Ranin da Aka Ji Tsoron Maigidana

A shekarun da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo ana noman rani da shi a wajenmu, manoman layinmu suka naɗa maigidana mai rabon ruwa. Ba don ya fi kowa iyawa ba. Aikin ne babu mai so, shi kuma mutum ne da ko akuya ta sa kai a rumbunsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta.

Ƙa'idar ba ta da wuya: masu gonaki a saman magudana su sha ranarsu, su buɗe, ruwa ya gangaro wa na ƙasa. Sai dai na sama ba sa buɗewa. Akwai wani Alhaji mai shinkafa da yake jibga buhunan yashi a bakin gonarsa, ya datse ruwan har sai shinkafarsa ta ƙoshi ta yi gyatsa. Gonarmu ta albasa ita ce ta ƙarshe a layin, kuma albasar nan ita ce cinmu da suturarmu na shekara. Maigidan zai tafi da niyyar faɗa, ya yi sallama, ya tambayi Alhaji iyali da gajiya, ya dawo buhu ko ɗaya bai motsa ba. Ni kuwa in zauna gida ina ta cin rai.

A ranin da nake ba da labari, gidan rediyo ya fara karanto wani dogon littafin yaƙi bayan la'asar. Labarin wani birni ne da wani mugu mai rufaffiyar fuska ya zuƙe koginsa kaf ya ɗura a cikin gora, yana sako musu ɗigo ɗigo in ya ga dama. Jarumai sun yi ta hawa tsuntsaye suna ƙetare tekun wuta don su kama shi, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Abin da aka sani kawai, bahago ne, kuma ba ya magana sai ya yi gyaran murya.

Gari ya ɗauka. Mu mata muna turara shinkafa muna gardama ta kan katanga a kan ko wane ne mugun. Wani malami a Wurno ya ce waziri ne, don duk littafin da ya taɓa karantawa wazirin ne munafuki. Masunta suka ce uwar babban jarumin ce, ai ba a taɓa jin ta da mugun a wuri ɗaya ba. Masu babur na hanyar Marnona suka tsaya kan dokin sarki, wai aljani ne, har wasu biyu suka daina gaisawa a kan haka. Mutanen da ba su taɓa zama sun tambayi ina ruwan gonarsu yake maƙalewa ba, ga su sun haddace zuriyar sarkin birnin da babu shi har kakanni.

Sai wani dillalin albasa ya zo da sabuwa a teburin mai shayi. Ya ce shi ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa marubucin ɗan wajen Rabah ne, kuma ya yi leburanci lokacin haƙa magudana. Marubuci kuwa, in ji shi, ba ya ƙaga mutum, sai wanda ya gani da ido. To wa ke riƙe da ruwa a nan? Wa ke sara da hagu? Wa ke gyaran murya kafin ya ce uffan?

Maigidana bahago ne. Gyaran muryar kuma kunya ce ke sa shi, tun ranar da ya zo zance gidanmu haka yake.

A wajen wani taron suna na fara jin maganar. Uwargidan Alhaji da kanta ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Ke ƙawa, don Allah mi mutumen naki ka yi in ya hita? An ce ruwa na jin maganatai."

Na ce mata ni dai ban taɓa bin sa ba, kuma ba komai mace ke faɗi ba. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, har yau kuma ban ga laifina ba.

Washegari maigidan ya je gonar Alhaji kamar kullum. Yana yin gyaran murya, yaran Alhaji suka faɗa ruwa suna kwashe buhuna. Ya dawo yana mamakin yadda Allah ya shiryi mutane dare ɗaya, don shi ba ya sauraron rediyo sai labarai. Ranar na ga ruwa ya kwanta a fangalinmu na ƙarshe, na tsaya ina kallo har ƙwalla ta zo mini. Lawashi ya miƙe ya yi kore shar. Har tsohuwar da ke maƙwabtaka da gonarmu, wadda ta fid da rai da barkononta, ta samu.

Da ya gane dalili, ransa ya ɓaci ƙwarai. A masallaci ana matsa masa wuri fiye da kima, yara na gudu in sun hango shi, abokin wasansa na ƙuruciya ya koma gaishe shi daga nesa. Ya tsaya a gaban jama'a ya rantse ba shi da alaƙa da wani littafi. Dillalin ya kaɗa kai ya tuna musu cewa mugun ma ya taɓa rantsuwa a fadar sarki. Maigidan ya shigo gida ya ce zai je gidan rediyon da kansa a wanke shi. Na ajiye masa tuwo na ce ya je, amma ya bari a cire albasa tukuna. Ya daɗe yana kallona, sannan ya wanke hannu.

Tun daga nan na koma addu'ar kada littafin ya ƙare. Duk ranar da jarumin ya kusa fizge rufin fuskar, sauran mata suna ihun ya fizge, ni ina roƙon ya yi tuntuɓe.

Albasa ta fara yin kai, tana bukatar ruwa fiye da kowane lokaci, sai aka fizge. Ashe ɗan'uwan sarki ne, tagwaininsa, wanda aka jefar a daji tun suna jarirai, mutumin da ba a taɓa ambata ba ko sau ɗaya. Gari ya hau zagin marubucin. Malamin Wurno ya ce cin amana ne. Dillalin ya ce shi da ma ya faɗa, ba a dai fahimce shi ba ne.

Kafin mako ya zagayo buhunan Alhaji sun koma wurinsu, har da ƙari. Abokai suka dawo suna jan maigidan da wasa, yara suka dawo neman alewa. Ya yi ta sintiri gonar Alhaji, ana ba shi tabarma da fura, ana sallamar sa da fatan alheri. Albasarmu ta tsaya ƙanana ƙanana, lawashin ya kwanta tun lokaci bai yi ba.

Ranar da muka cire ta, ya tsuguna yana juya guda ɗaya a tafin hannunsa. Mutumin da ya yi rantsuwa a gaban jama'a don a wanke shi, ya ɗago ya dube ni.

"Da ma dai mugun nan ni na," ya ce.